Ejan ya nemo maka ishu, kai kuma ka tura PR, an rufe: kurakuran da muke ta maimaitawa

Ranar wata Asabar ina wajen mai masa a Wunti, ko loma biyu ban yi ba sai ga ƙanina ya sauko daga keke napep ya zo ya miƙo min waya, ko gaisuwar kirki babu. Ɗan ƙanwar babanmu ne, yana karatun kwamfuta, a Gwallameji yake zaune. Ya ce "Yaya duba nan don Allah, mutanen nan ba su da mutunci wallahi." Na duba. PR bakwai, wato gyaran kod da ake turawa ana neman masu furojet su karɓa, ya tura a dare ɗaya zuwa furojet daban-daban a GitHub, shafin da ake ajiye kod ana aiki tare, an rufe biyar ba a ce masa komai ba, ɗaya an manna masa link ɗin dokokin furojet ɗin kawai, na bakwai kuma yana nan ba wanda ya leƙa. Na ce ya aka yi ka rubuta gyara bakwai a dare ɗaya, kai da na san ka? Sai ya yi dariya, wai an kawo wuta ne ƙarfe goma sha ɗaya, ya kunna ejan ɗin AI, wato AI ɗin da ake ba aiki ya yi da kansa, ya ce masa ya nemo ishu masu sauƙi, wato matsalolin da aka rubuta a shafin furojet ana neman gyara, ya gyara ya tura, shi kuma ya kwanta. So yake ya tara tarihi kafin a buɗe neman shiga Google Summer of Code, shirin Google na sababbin masu taimaka wa irin waɗannan furojet.

Ban yi masa faɗa sosai ba don ni ma na taɓa yin irin wannan, zan zo kai. Amma tun daga ranar nake lura, kusan duk yaran da nake gani suna wannan harkar a garin nan wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Na farko dai, yarda da jerin da ejan ya kawo kamar wahayi. Ka ce ya nemo maka ishu goma masu alamar good first issue, wato waɗanda suka dace da sabon shiga, cikin minti ɗaya ya jero su da bayani mai daɗi, har da cewa wannan ya dace da kai. To buɗe su mana ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar wani tun 2021 aka buɗe shi kuma an riga an gyara matsalar a wani PR, mantawa kawai aka yi ba a rufe ba, wani an ba wani mutum yana kan aikin, wani kuma rifo ɗin, wato ma'ajiyar kod ɗin furojet ɗin, gaba ɗaya an rufe shi an ajiye, sai karatu kawai, ba a karɓar komai. Mafi ban haushi shi ne in ejan ɗin bai shiga intanet ba, daga abin da ya haddace yake ba ka amsa, nan zai iya ƙirƙiro lambar ishu da ba ta taɓa wanzuwa ba, ka latsa ka ga 404, wato babu shafin. Gyaran ba wuya. Ka tilasta masa ya yi amfani da binciken GitHub na gaske kuma ya ba ka link na kowanne, sannan ka ba shi kalmomin da zai tace binciken da su. Wannan nake amfani da shi: is:issue is:open label:"good first issue" no:assignee -linked:pr sai ka ƙara yaren da ka iya, misali language:python. Wato a buɗe yake, ba a ba kowa ba, ba PR da aka haɗa da shi. Bayan haka akwai abu ɗaya da ni kaina nake dubawa da idona, ba na wakiltawa: yaushe rabon da a karɓi aikin wani baƙo a furojet ɗin? Ka shiga PR ɗin da aka rufe, ka ga ko na 'yan gida kaɗai ake karɓa. In wata shida ba a karɓi na baƙo ko ɗaya ba, kama gabanka.

Sai kuma yadda muke tambayar. "Nemo min furojet mai kyau da zan taimaka." Me kake so ya kawo? Zai kawo maka manyan da kowa ya sani ne, su React, su VS Code, su TensorFlow, inda ishu mai sauƙi ba ya kwana sai an yi masa rubdugu. Kuma bai san halin da kake ciki ba. Bai san laftof ɗinka RAM giga 4 ne ba, bai san batirin minti arba'in yake yi ba, bai san data ta sati kake saye ba. Chromium alal misali, takardunsu da kansu sun ce sai kana da wajen giga 100 na sarari a kwamfuta kafin ka fara, ka ga in ya tura ka can ai ya gama da kai. Ka gaya masa gaskiyarka duka, ba kunya tsakaninka da na'ura: wata shida nake rubuta Python, na iya Django kaɗan, ban taɓa rubuta tes, wato kod ɗin gwaji, ba, ina son abin da zan iya saukewa in kunna a wannan kwamfutar. Dabarar da ta fi yi min aiki ma ita ce in ba shi requirements.txt ko package.json na wani aikina, wato fayil ɗin da ke jera laburare, kod ɗin wasu da aikin ya dogara da shi, in ce ya duba ƙananan laburaren da nake amfani da su, wanne ne ke neman hannu. Abin da kake amfani da shi kullum ka riga ka san inda yake ciwo.

Akwai fayil mai suna CONTRIBUTING.md da yawancinmu ba ma buɗewa, shi ne link ɗin da aka manna wa ƙanina. A ciki ake faɗin yadda ake son komit, wato kowane canjin da ka adana tare da bayaninsa, ko sai ka fara magana a ishu kafin ka rubuta kod, da wane tes za ka kunna. Yanzu kuma an ƙara wani sashe, matsayinsu kan AI, kuma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Gentoo tun Afrilun 2024 suka hana kawo gudummawar da AI ya rubuta. NetBSD ma a shekarar suka sa a dokokinsu cewa irin wannan kod ɗin gurɓatacce ake ɗaukarsa sai in manyansu sun ba da izini a rubuce. QEMU suka bi sahu a 2025. Wasu kuma sun yarda amma sai ka faɗa. Dalilin ba ƙiyayya ba ce kawai, akwai maganar lasisi, furojet da yawa irin su kanel ɗin Linux suna sa ka rubuta Signed-off-by a ƙarƙashin komit, wato ka sa hannu kana shaida cewa kana da haƙƙin ba da wannan kod ɗin. To ya za ka yi shaida a kan abin da ba ka san daga ina ya fito ba? Nan ejan yana da amfani sosai, ka ce ya karanto maka dokokin ya taƙaita, ya gaya maka ko an ambaci AI, sannan kai ma ka karanta wannan sashen da kanka. In sun hana, bar su. In sun ce a faɗa, ka faɗa, layi ɗaya ne. Ɓoyewa ba ta ɗorewa, zanen aro ba ya rufe katara.

Yanzu ga nawa labarin. Wata rana ejan ya nemo min wani bog, wato kuskure a kod, a wata ƙaramar laburare, ya rubuta gyaran, tes duka suka wuce, na tura ina jin kaina. Washegari mai kula da furojet ɗin ya yi tambaya cikin ladabi, wai me ya sa na canza wani layi da ba shi da alaƙa da matsalar. Wallahi ban san an canza layin ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na kwafi tambayarsa na kai wa AI, na kwafo amsar na manna masa, sakin layi huɗu da Turanci mai santsi wanda ni da kaina ban taɓa yin irinsa ba. Ya sake tambaya, na sake kwafowa. A karo na uku ya ce in zai yi hira da na'ura ne yana da tasa a gida, ya rufe. Na yi kwana biyu ina jin kunyar mutumin da ban taɓa gani ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yawancin mutanen nan ba biyansu ake ba. Mutum ya dawo daga aikinsa, ya kwantar da yara, ya samu awa ɗaya, sai ya ƙarar da ita kan karanta abin da kai ba ka ɓata minti biyar ka karanta ba. Daniel Stenberg, ɗan Siwidin ɗin nan mai curl, manhajar aikawa da ɗauko bayanai ta intanet, tun farkon 2024 yake kuka da rahotannin matsalar tsaro da AI ke ƙirƙirowa, rahoto ya zo tsaf kamar gaske, sai an ɓata lokaci an bincika a tarar matsalar babu ita. Kafin AI ma an ga irin wannan a Hacktoberfest na Oktoban 2020, bikin tura PR na wata guda, lokacin da ake ba da riga in ka tura PR huɗu, mutane suka yi ta tura shirme, a ƙara kalma ɗaya a README, fayil ɗin bayanin furojet, a ce gudummawa, har sai da DigitalOcean, kamfanin da ya shirya bikin, suka canza doka ya zama sai furojet ya ce yana so kafin a ƙirga. Saboda haka masu furojet sun riga sun ƙoshi, hancinsu yana jin warin irin wannan PR tun daga takensa. Kuma ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, in ka yi, na bayanka mai irin sunanka shi ma da zargi za a fara kallonsa.

Ƙa'idar da na sa wa kaina tun daga nan: ba na tura gyara sai na ga bog ɗin da idona a kwamfutata kafin gyara, na ga ya tafi bayan gyara. Ina karanta git diff, wato jerin abin da aka canza, layi-layi, duk layin da ba zan iya bayaninsa da bakina ba, ko da Hausa ne, ina cire shi ko in zauna in fahimta. Amsar tambaya kuma ni nake rubutawa da gurguwar Turancina, ba wanda ya taɓa korata saboda giramma. Kuma ishu ɗaya a lokaci ɗaya, wannan ɗabi'ar ta bin ishu goma kana rubuta a ba ni a ba ni sannan ka ɓace, tana tare wa wasu hanya ne kawai.

Wani abu da ba a cika magana a kai ba, tokin, wato makullin da ke ba manhaja izinin yin aiki da sunanka. Ƙanina ya ba ejan ɗinsa tokin ɗin GitHub mai izinin komai, shi ya sa ya iya tura PR yana barci. Ishu rubutu ne da kowa a duniya zai iya rubutawa, mugu zai iya ɓoye umarni a ciki, ejan ya karanta ya ɗauka kai ne ka ce. Ka yi masa tokin mai iyaka, na karatu kawai, turawa kuma ta zama da hannunka. Haka in ya ce ka yi pip install wani abu, wato ka sauke wani fakej na Python, duba sunan a PyPI, rumbun fakej ɗin Python, tukuna, don yana ƙirƙiro sunayen fakej da babu su, kuma ɓata-gari sun gano haka suna yin rajistar irin sunayen.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne muna ta kokawa a inda dubban mutane suka fi mu, alhali muna riƙe da abin da masu furojet ɗin ba su da shi, ejan kuma ba zai kawo maka ba sai ka ambata. Hausa. Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa, Weblate cike yake da manhajojin da ake fassarawa, akwai Masakhane da HausaNLP masu aiki kan harsunanmu. Ko kod kake so, gwada rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a akwatin bincike na manhajar da kake amfani da ita, ko ka ga yadda take jera sunaye, ko abin da take yi wa sunan da ya fara da 'Y, in ta karye to ka samu bog na gaske wanda kai ka fi kowa iya bayaninsa. Sai dai don Allah kar ka ba AI fassarar ya yi ka manna, mun sha ganin irin Hausar nan da ba a yi a gidan kowa.

Ƙanina dai ya janye PR ɗin na bakwai da kansa, ya rubuta layi biyu na ban haƙuri. Ya sake tambayar ejan ɗin, wannan karon da bayanin laftof ɗinsa da abin da ya iya, suka tace har suka tsaya kan wata ƙaramar laburare da yake amfani da ita a aikin makaranta, tana cinye ƙ ɗin Ƙofar Ran in tana mayar da taken rubutu zuwa adireshin intanet. Ya gwada ya gani, ya rubuta a ishu yadda za a maimaita matsalar da abin da yake ganin ya jawo ta, ya tambaya ko ya turo gyara. Yau kwana tara ba amsa, kullum sai ya turo min saƙo, "Yaya har yanzu shiru fa." Na ce ya bari ya cika sati biyu sannan ya ɗan taɓa su sau ɗaya.