Babi na Shida: Zaɓen Na'urar Karanta Matsalar Mota Mai Sauƙin Kuɗi

Darasi na 1: Ku fara da motar

Kafin ku sayi komai, ku buɗe ƙofar direba, ku durƙusa, ku haska ƙarƙashin sitiyari da tocila. Za ku ga wani soket mai ramuka 16, takwas a sama, takwas a ƙasa. Wani lokaci akwai ɗan murfi a kansa. Sunansa OBD2: haruffa uku, sannan lamba 2. A wasu kwalayen za ku ga OBD-II. Duk ɗaya ne, sandunan nan biyu lamba 2 ce a ƙirgan Romawa.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da shi tun daga 1996. A Turai, masu shan fetur tun 2001, masu dizal tun 2004. In ba ku ga soket ɗin ba, ku dakata da saye tukuna.

Darasi na 2: Iri biyu ne masu araha

Na farko yana da igiya, da ɗan allo, da maɓallai. Ba ya bukatar batir, daga motar yake jan wuta. Na biyu ɗan ƙarami ne, ba allo, sai an haɗa shi da wayar hannu ta Bluetooth an sauke manhaja irin Torque. Yawancinsu a jiki an rubuta ELM327. Ya fi arha, amma jabunsa sun yi yawa, kuma da yawa ba sa aiki da iPhone. In aka bar shi a jone kwanaki yana iya shanye batir.

Shawarata ga wanda bai daɗe da fara karatu ba, ya ɗauki mai igiya. Rubutunsa kaɗan ne, kuma ba ruwansa da manhaja.

Ku tambayi mai sayarwa: tana karanta lambar matsalar da kwamfutar motar ta ajiye, tana kuma gogewa? Tana nuna halin da injin yake ciki a lokacin da matsalar ta faru? Tana nuna zafin injin da gudunsa yana cikin aiki? In amsar e ce, ta ishe ku. Ku sani dai, masu araha galibi injin kaɗai suke dubawa. Fitilar birki mai rubutun ABS, da ta jakar iska, sai na'urar da aka rubuta hakan a kwalinta.

Darasi na 3: Rubuta kafin gogewa

Nan ne ake tuntuɓe, don haka a hankali za mu bi. Ku kawo biro da takarda tun kafin ku taɓa na'urar.

Ku kashe mota. Ku jona na'urar, fuska ɗaya kawai take shiga, kada ku tilasta mata. Ku murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, amma kada ku tada injin. A allo za ku ga kalmomin Turanci biyu. Read, mai farawa da R, shi ne karantawa. Erase, mai farawa da E, shi ne gogewa, wasu na'urorin kuma Clear suke rubutawa. Ku zaɓi mai R.

Lamba za ta fito. Ku rubuta ta a takarda. Harafi ɗaya ne da lambobi huɗu, biyar ke nan. Ku ƙirga da yatsa: sun cika biyar? Ku sake duban allo, ku sake duban takarda. In da wata lambar bayanta, ita ma ku rubuta. Ko rubutunku bai miƙe ba, ba komai, in dai za ku iya karanta shi gobe. Wanda hannunsa ke rawa ya ɗauki hoton allon da waya, sannan ya kwafa a natse.

Kun rubuta? To har yanzu kada ku goge. Gogewa ba gyara ba ce. Fitilar gargaɗin injin da ke gaban direba za ta mutu, amma matsalar tana nan, za ta dawo. Kuma bayanin da kwamfutar motar ta ajiye na lokacin da abin ya faru, ya tafi ke nan. Kamar a yaga takardar gwajin asibiti ne kafin likita ya gani.

Na sha faɗar wannan a aji, amma sai in juya baya in ji wani yana murna wai fitila ta mutu. Ina lambar, Malam? Sai ya ce ai ya riƙe a kai. Haba! P0301 da P0310 ba ɗaya ba ne, kai kuwa yana juya su. Ku manya ne, ba sai an tsaya a kanku ba. Ku karanta, ku rubuta, ku gyara, sannan ku goge. Rubutu dai kafin gogewa.

Darasi na 4: Ma'anar lambar

P na nufin injin da giya, ita za ku fi gani. B jikin mota, C ƙafafu da birki, U sadarwar kwamfutocin motar. In sifiri ne ya bi harafin, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, ta kamfanin da ya ƙera motar ce.

P0301 na nufin silinda ta farko ba ta ƙona mai daidai. Ba ta ce ku sayi sabon fulogi ba. Yana iya zama fulogin, ko koyil, ko abin fesa mai. Ku duba kafin ku kashe kuɗi.

Darasi na 5: Fitila mai ƙyaftawa

In fitilar injin tana ƙyaftawa, ku daina tuƙi, a kira makanike.

Aikin gida: ku kwafi P0171 da P0420 sau biyar biyar a littafinku.