Yadda Mai Doguwar Jinya Zai Tsara Motsa Jiki Kafin Ya Sayi Ƙwayoyin Ƙarin Sinadari

Duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likita ranar masu hawan jini ko masu ciwon suga a Kaduna, a Barau Dikko ne ko a Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ya san ledar da marasa lafiya ke ɗorawa a cinya. A cikinta akwai maganin da likita ya rubuta, wanda sau da yawa ya ƙare tun makon jiya, sannan akwai robobi uku ko huɗu masu ƙyalli da ɗa ya aiko daga Abuja ko maƙwabciya ta kawo talla: na ƙarin jini, na gyaran gwiwa, na wanke ciki. Kuɗin robobin ya ninka na maganin, amma idan aka tambayi mai ledar yaushe rabonsa da tafiyar minti goma ba tare da tsayawa ba, sai ya ce ai tun da ciwon ya kama shi 'yan gida suka hana shi wahala. Wannan abu yana damuna, domin binciken da aka tara a kan farfaɗo da masu doguwar jinya ya nuna cewa an juya lamarin ne: abin da ke da hujja mai ƙarfi shi aka ajiye, abin da hujjarsa ke da rauni shi ake kashe wa kuɗi.

Kwanciyar da ake yi wa mara lafiya gata da ita tana da farashi. A shekarar 1966, a birnin Dalas na Amurka, an kwantar da samari biyar lafiyayyu a gado na mako uku, aka tarar ƙarfin zuciya da huhunsu wajen aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai ya bayyana cewa kwanciyar mako ukun ta fi tsufan shekara 30 karya su. Tun kafin nan, a 1953, wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas da ke yini a zaune da kwandastocin da ke hawa da sauka a matakalar motar, ya ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Daga irin waɗannan nazarce-nazarce ne likitoci suka fara ɗaukar motsa jiki tamkar magani, mai adadi da lokaci da kuma wanda bai kamata ya sha ba.

Saboda haka farkon abin yi shi ne awo, ba sayen kambas ba. A je asibiti a auna jini, a gwada suga, a duba ƙoda idan akwai hawan jini ko suga, sannan a tambayi likita kai tsaye: wane motsi ne ya dace da ni, wanne ne zan kiyaye? Idan akwai sashen gashin ƙashi, a nemi a tura mutum can, domin ma'aikatan fisiyo su ne aikinsu tsara atisaye, kuma aikin nasu ya wuce gasa wuri da na'ura kamar yadda mutane da yawa ke zato. Wanda awon jininsa ya kai 180 bisa 110 yana zaune, ya fara daidaita shi da magani tukuna. Mai ciwon suga na shekaru ya je a duba masa ido, ga Asibitin Ido na Ƙasa nan cikin gari, domin idan jijiyoyin ido sun taɓu, ɗaga abu mai nauyi tare da riƙe numfashi na iya jawo zubar jini a cikin idon.

Daga nan a samu ƙaramin littafi a rubuta inda aka tsaya yau. Gwaji biyu sun isa, kuma irinsu ake yi a bincike. Na farko, a yi tafiya ta minti shida a wuri shimfiɗaɗɗe, a ƙirga sandunan wutar lantarki da aka wuce ko sau nawa aka kewaya tsakar gida. Na biyu, a zauna a kujera mai ƙwari da aka jingina da bango, a rungume hannu a ƙirji, a ƙirga sau nawa za a tashi a zauna cikin daƙiƙa 30. Waɗannan lambobi biyu su ne za su faɗi gaskiya bayan wata uku, lokacin da zuciya ke cewa ba a ga wani canji ba.

Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020, wanda ya haɗa da masu doguwar jinya, shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, tare da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, sannan tsofaffi su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku domin kare faɗuwa. Wannan shi ne inda ake son a kai, ba inda ake farawa ba. Wanda ya shekara a zaune ya fara da minti biyar zuwa goma, ya riƙa ƙara minti biyu ko uku duk mako, har ya kai minti 30 kwana biyar. Hanyar gane matsakaicin motsi mai sauƙi ce: numfashi ya ɗaga, amma mutum yana iya amsa gaisuwa da cikakkiyar magana, idan kalma ɗaya-ɗaya ce ke fita, an wuce gona da iri. Ba sai an je Dandalin Murtala ba, ko da yake wanda ke kusa zai sami abokan tafiya a can da safe. Dattijon da ke Unguwar Sanusi zai iya zaɓar masallaci na gaba maimakon na ƙofar gida, matar da ba ta fita kuma za ta iya kewaya tsakar gida bayan cin abinci.

Ƙarfafa tsoka shi ne ɓangaren da aka fi mantawa, alhali shi ne ke riƙe wa tsoho mutuncinsa, domin da ƙarfin cinya ake tashi daga tabarma, da shi ake miƙewa daga sujada. Tashi da zama a kujera sau takwas zuwa goma sha biyu, tura bango da hannu biyu, ɗaga diddige ana dafe da bango, da ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi: a yi kowanne zagaye biyu, a riƙa fitar da numfashi lokacin yunƙuri, kada a riƙe shi.

Kowane ciwo kuma yana da nasa sharaɗin. Mai hawan jini da ya dage yana iya ganin lambar sama ta awon jininsa ta sauka da 5 zuwa 8, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ba dalilin ajiye magani ba ne sai likita ya ce. A ɓangaren suga, hujjar tana da nauyi ƙwarai: a wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa aka raba gida uku, kuma waɗanda suka gyara abinci, suka rage ƙiba, suka yi minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, yayin da na masu shan maganin suga na metformin ya ragu da kashi 31. Wanda ciwon ya riga ya kama kada ya bar fiye da kwana biyu a jere ba motsi, domin tasirin da motsi ke yi wa suga yana gushewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar suga ta glibenclamide ya gwada suga kafin fita, ya ɗan ci wani abu idan yana ƙasa da 90 a ma'aunin mg/dL, ya kuma sa alewa ko dabino a aljihu. Idan rawar jiki da zufa mai sanyi suka zo, ya tsaya ya sha suga cokalin shayi huɗu a ruwa. Ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, kada ya yi tafiya ba takalmi, domin ƙafar da ta daina jin zafi ba ta ba da labarin ƙaya.

Mai ciwon gwiwa yakan ji tsoron cewa tafiya za ta ƙarasa cinye masa ƙashi, amma binciken ya nuna akasin haka: ƙarfafa tsokar cinya yana rage zafi yana ƙara iya tafiya. Ƙa'idar ita ce, ɗan zafin da za a iya jurewa kuma ya lafa kafin washegari ba laifi ba ne. Idan ya kwana ya yini ko gwiwar ta kumbura, a rage, ba a daina ba. Mai fuka ya guji fita da sassafe a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta rufe Kaduna, ya riƙe abin shaƙarsa a kusa. Mai sikila ya tsaya a kan matsakaici, ya yawaita shan ruwa, ya guji rana mai tsanani da sanyi mai tsanani. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana bukatar maimaita aiki ɗaya sau da yawa kullum, kamar ɗaukar kofi ko tako, amma lokacin farawa na hannun ma'aikatan asibiti, domin wani bincike na 2015 a kan mutum fiye da 2,000 ya nuna cewa tsananta tashi cikin awa 24 na farko bai haifar da alheri ba. Ga kowa da kowa: ciwon ƙirji, jiri, haki da ya fi ƙarfin aikin da ake yi, ko bugun zuciya mara tsari, alamun tsayawa ne da zuwa asibiti a ranar. A watan Maris da Afrilu kuwa, a zaɓi bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya.

Sai batun robobin cikin leda. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: wane sinadari ne aka gwada aka ga ya yi ƙaranci a jikina? Inda akwai giɓi na gaske, cike shi yana aiki. Wanda ya daɗe yana shan metformin zai iya rasa bitamin B12, har ƙafa ta riƙa yi masa kamar tafiyar kiyashi, kuma gwajin jini ne ke nunawa. Mai ƙarancin sinadarin ƙarfe yana bukatarsa, amma mai sikila da ake yawan ƙara wa jini yana iya cutuwa da shi. Misali mafi kusa da mu daga Jos ya fito: a binciken da aka buga a 1999 a kan yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, an ga cewa sinadarin kalsiyam ne suka rasa, kuma waɗanda aka ba su shi sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Da an tsaya kan abin da aka saba karantawa game da ƙasashen da ba su da rana, inda rashin bitamin D ke jawo ciwon, da an ci gaba da ba su abin da ba shi ne babbar matsalarsu ba.

Inda babu giɓi kuwa, manyan gwaje-gwaje sun sha ba da kunya. Binciken VITAL a Amurka, mai mutum 25,871, ya ba manya bitamin D da man kifi na kimanin shekara biyar, bai ga raguwar cutar kansa ko manyan cututtukan zuciya gaba ɗaya ba. Glucosamine da chondroitin, waɗanda ake sayar wa masu ciwon gwiwa da tsada a kemis, an gwada su a kan mutum 1,583 a 2006, kuma a jimlace ba su fi ƙwayar da ba magani a ciki rage zafi ba. Wani lokacin ma cutarwa ake samu: a Finland a 1994, maza masu shan taba da aka ba beta-carotene, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari, kuma a 2011 an ga yawan bitamin E ya ƙara haɗarin kansar mafitsarar maza, wato furostet, da kashi 17.

Abubuwanmu na gida ma da wannan ma'auni za a auna su, ba da raini ba, ba kuma da son kai ba. Zoɓo yana da 'yar hujja: a wani ƙaramin gwaji na 2010 a kan mutum 65, kofi uku a rana na mako shida ya sauke lambar sama da kimanin 7. Wannan abin lura ne, amma zoɓon gwajin ba irin na ƙulli ba ne da aka cika da suga, kuma mutum 65 ba su isa a ajiye magani dominsu ba. Zogale abinci ne mai kyau a kwaɗo da miya, sai dai gwaje-gwajen da aka yi da shi a kan mutane ba su da girma. Kanwa kuwa ɗauke take da sinadarin da ke cikin gishiri, kuma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego. Mai hawan jini ya lissafa kanwa da ɗunƙule cikin gishirinsa na yini, wanda bai kamata ya kai giram 5 ba, wato ƙasa da cokalin shayi guda. Mai ciwon ƙoda kada ya sha garin gina tsoka, ko gishirin da ake cewa na masu hawan jini ne, ko wani haɗin gargajiya, sai da sanin likita; mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, shi ma haka. Ga sauran mutane, wake da awara da ƙwai da nono da ƙuli-ƙuli sun isa ciyar da tsokar da ake ginawa.

Idan mai talla ya ce bincike ya tabbatar, a tambaye shi: a kan mutane aka yi ko a kan ɓeraye, mutum nawa, an raba su ta hanyar ƙuri'a an kwatanta da waɗanda ba su sha ba, kuma wa ya biya kuɗin binciken? A duba lambar NAFDAC, a kuma karanta ƙananan rubutun da ke jikin robar, domin yawancin magungunan ganye suna ɗauke da jimlar da ke cewa hukumar ba ta tantance ikirarin warkarwar da aka rubuta ba.

Bayan mako goma sha biyu, a maimaita tafiyar minti shida da gwajin kujera a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, a rubuta sababbin lambobin kusa da tsofaffin. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin, a tafi da ledar gaba ɗayanta har da garin da aka ƙulla a takarda, a zazzage su a teburin likita, a nemi ya ware wanda za a ci gaba da shi, sannan ya duba ko adadin maganin jini ko na suga yana bukatar gyara.