Yadda ake dasa gamba a iyakar gona, a ci moriyarta shekara da shekaru

Dattawan ƙauye za su yi maka dariya idan ka ce za ka shuka gamba. A saninsu ciyawar Allah ce. Kaka ta yi, mutum ya ɗauki lauje ya shiga daji, ya yanko iya abin da jakinsa zai ɗauka, ya saƙa zana, ya yi wa rumbu jinka. To, dajin nan ya zama gona. Saurar da ake bari ta huta shekara biyar ko shida, yau ba mai barinta ko damina ɗaya, ɗan abin da ya rage a gefen burtali kuwa shanu na bin sa tun yana toho. Shi ya sa a garuruwa da yawa zana sai da kuɗi. Mai son gamba kusa da shi sai ya dasa ta da hannunsa, kuma wurin da ya fi dacewa da ita shi ne wanda dama ba a nomawa, wato iyakar gona. Wannan ba baƙuwar dabara ba ce: manoman ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna barin gindin gamba ya zama shaidar inda gonar wane ta tsaya.

Mataki na farko: ka tabbata gamba ce

Da damina ciyayi kan yi kama da juna, kuma an sha ganin wanda ya yi wahalar dasa abin da ba shi ba ne. Gamba a dunƙule take fitowa, gindi ɗaya mai kara da yawa, ba ta yaɗo a ƙasa irin na kiri-kiri. Tsohon gindi kan kai kamu ɗaya ko biyu a faɗi, karan kuma idan ya samu wuri yana wuce mita uku, ya shanye mutum har da wanda ke kan jaki. Ganyenta dogo ne, da farin layi a tsakiya, ya tsuke sosai ta wajen da ya kama kara, kuma sau da yawa yana da laushin gashi, musamman sabon toho. Idan ta fid da kai wajen Oktoba zuwa Nuwamba sai shakka ta ƙare: kowane reshe yana ƙarewa da 'yan zangarnu biyu masu farin gashi da suka rabu kamar yatsu biyu a buɗe.

Kyasuwa ba ta da tsohon gindi, duk shekara daga iri take tashi ta mutu. Tsaure kuwa ka murje ganyensa ka sansana, yana da ƙamshi mai ƙarfi, gamba ba ta da shi. Tofa gajera ce, saiwarta na bi ta ƙarƙashin ƙasa tana ɓullowa ko'ina. Wannan kam ko kyauta aka ba ka kada ka kai ta gonarka.

Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus, amma sunan da duniya ta fi saninta da shi namu ne. Har a Ostareliya gamba ake ce mata.

Abin da ya sa ta cancanci wahalarka yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta iri uku ce. Akwai sirara masu yawa da suka bazu kusa da saman ƙasa, su ke cafke yayyafin farko tun kafin ya bushe. Akwai masu kauri kamar igiya, su ne rumbunta, nan take ajiye abincin da za ta tashi da shi bayan rani, su ne kuma ke riƙe gindin kada iska ko ruwa su tumɓuke shi. Sai masu nutsawa can ƙasa neman danshi. Da waɗannan take jure rani har na wata tara, ta rayu daga inda ruwan shekara bai fi milimita 400 ba har zuwa inda ya haura 1,400. Da su ne kuma take yin kore a bazara alhali sauran ciyayi ko tsirowa ba su yi ba, lokacin da dabba ta fi kowane lokaci yunwa.

Mataki na biyu: wuri, da maƙwabci

Jigawa ta yi mata, jan ƙasa mai tsakuwa ma ta yi, kuma ba ta neman ƙasa mai ƙarfi. Irin da muka saba gani a tudu ba ya son inda ruwa ke kwanciya kwana da kwanaki. Akwai wani iri da ke zaune a bakin fadama, saboda haka ka ɗebo tushe daga wuri mai kama da naka. Fako mai tauri sai an fasa shi an zuba taki tukuna. Inuwa mai duhu ma ba ta yi mata.

Idan gonarka na da gangare, kada ka tsaya a iyaka kawai. Ja layi a gicciye, ya tare hanyar da ruwa ke bi. Gindin gamba idan suka haɗe sukan rage wa ruwa gudu, ƙasa da takin da ya kwaso su zauna a bayansu. Manoman Burkina Faso suna yin haka, wani lokaci a jikin jerin duwatsun da suke shimfiɗawa a gona don hana zaizaya. A inda iska ke kwasar yashi kuma, layin gamba na tare shi.

Kafin ka sa fartanya a iyaka, kira maƙwabcinka ku tsaya tare a nuna wurin. Gamba tana faɗaɗa kowace shekara, tana kuma ɗan cin kunyar da ke jikinta da inuwa da saiwa. Abin da aka dasa don ya kashe rigimar iyaka bai kamata ya zama shi ne aka je gaban mai unguwa a kansa ba.

Mataki na uku: tushe ko iri

Ni dai shawarata tushe. Irin gamba ba shi da nauyi, gashi ne ya fi yawa, da yawansa ma ba ƙwaya a ciki, kuma wanda aka girbe yanzu ba ya tsirowa da kyau sai ya kwana wata da watanni. Ɗan tsironta kuma rarrauna ne, ciyawar damina na iya danne shi cikin mako biyu. Tushe kuwa da ƙarfinsa yake zuwa.

Ka jira ruwa ya zauna sosai, wajen Yuli, ƙasa ta jiƙe har ciki. Nemi gindi mai lafiya a wurin wanda yake da ita, ka roƙa, kada ka je ka tone na gefen hanya gaba ɗaya. Sare ganyen ka bar kamar taƙi ɗaya. Sa fartanya ko diga ka ɓanɓaro gefe ɗaya na gindin da saiwarsa da ƙasarsa, ka bar sauran ya ci gaba da rayuwa, ka mayar da ƙasa a ramin. Abin da ka ciro sai ka rarraba shi da hannu ko da adda, kowane yanki da kara uku zuwa biyar da saiwa a jiki. Na gefe ya fi na tsakiya, don tsakiyar tsohon gindi sau da yawa ta riga ta mutu. Rufe su da jiƙaƙƙen buhu, ka dasa a ranar. Saiwar da ta sha rana ta bushe ba ta dawowa.

Wanda zai cika fili babba, kamar mai son makiyaya ta kansa, shi ne iri zai fi wa sauƙi. Ana yanko kawunan ne da zarar sun fara zubar da ƙwaya daga sama, a tara su a inuwa kwana uku ko huɗu, a kakkaɓe, a shanya, a ajiye a buhu inda ba danshi har damina. Wajen shuka a cuɗa da yashi don kada iska ta kwashe, a zuba a layi, a rufe da ƙasa kaɗan, kada ta kai gaɓar yatsa, a taka. Zurfi ne ke kashe yawancin irin gamba.

A nan bari in ɗan ratse. Wani irin gamba da aka ɗauka daga tashar bincike ta Shika, kusa da Zariya, inda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI take a yau, ya isa cibiyar binciken noma ta CIAT da ke ƙasar Kolombiya a 1973. A 1980 aka fitar da shi ga makiyayan ƙasar da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma da sunan Planaltina, saboda yana yi a ƙasa mai tsami marar ƙarfi inda wasu ciyayin suka gaza. Wato abin da muke takawa a hanyar gona, wasu sun sa masa suna suna sayar da irinsa a buhu.

Mataki na huɗu: dasawa

Da yamma ko ranar da hadari ya rufe rana. Rami kamar zurfin tafin hannu, a sa tushen daidai yadda yake zaune a da, kada a binne wuyansa, a danna ƙasa da diddige har ya zama in ka ja shi a hankali ba ya fitowa. A iyaka, taku ɗaya tsakanin gindi da gindi ya isa. Inda ake son tare ruwa a matso da su zuwa taƙi ɗaya ko biyu, a yi layi biyu, na biyun ya toshe gurbin na farko. Ɗan ruɓaɓɓen taki cikin ramin yana taimakawa. Bayan mako biyu ka zagaya, wanda bai yi toho ba ka maye gurbinsa tun marka ba ta wuce ba.

Mataki na biyar: shekarar farko

Nan ne mafi yawa ke faɗuwa. Ka nome mata ciyawa sau biyu kamar yadda kake yi wa gero. Kada ka yanka, kada ka bari a ci. Da damina amfanin gona na kare ta, tunda ba mai sako dabba. Matsalar tana farawa ne bayan an kwashe amfani an saki gonaki. Sabon gindi bai kafu ba, saniya na iya fizge shi da saiwarsa. Ƙaya ita ce maganin: rassan aduwa ko na magarya a jibge a kan layin. Idan ta tsallake ranin farko, ta zauna ke nan.

Mataki na shida: yanka, kuma sai ka zaɓa

Gindi ɗaya ba ya ba ka abincin dabba mai kyau da karan zana a shekara ɗaya. Ɗanyen ganye yana da sinadarin gina jiki kamar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, dabba na cinsa da marmari. Da zarar ta yi kara ta fid da kai sai ya faɗi ƙasa sosai, ta zama itace, tunkiya ta shinshina ta wuce. Mai neman kara kuwa dole ya ƙyale ta ta yi tsawonta har ta bushe. Saboda haka raba layinka biyu, kana juya su shekara-shekara.

Ɓangaren dabbobi a fara yanka idan ta kai gwiwa zuwa ƙugu, a riƙa komawa duk bayan kamar mako shida. A bar taƙi ɗaya a ƙasa, kada a aske ta. Wanda za a ajiye ingirici a yanka kafin ta fid da kai, a shanya kwana biyu ana juyawa, a ɗaure a ɗora a rumfa. Ingiricin gamba shi kaɗai ba ya ƙiba da dabba, sai an haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa. Kuma a daina yanka tun ruwa bai ɗauke ba, a bar ta da ganyen da za ta cika rumbunta na ƙasa. Abin da ya ƙarar da gamba a dazuzzuka da yawa ke nan: ana cinye toho duk lokacin da ya fito, saiwa ta yi ta bayarwa ba a mayar mata, shekara biyu uku gindin ya mutu, ƙarangiya ta gaje wurin.

Ɓangaren kara a jira sai iri ya zuba, karan ya yi ruwan zuma, wajen Nuwamba zuwa Disamba. A yanka da safe da sauran raɓa, ya fi laushi kuma ƙaiƙayin bai kai na rana ba. Ka fara bubbuga gindin da sanda kafin ka sa hannu. Inda fakara da zomo suka samu mafaka, maciji ma ya samu. A ware dogaye miƙaƙƙu don zana, gajeru su tafi jinka, masu kauri kuma almajirai na fere alƙalami da su. Damin a jingine shi a tsaye a kan dutse ko itace, don gara ba ta yi masa da sauƙi.

Mataki na bakwai: wuta

Gamba ba ta tsoron wuta, ƙwayar ranta na gindi, kuma takan yi toho bayan ƙuna. Amma busasshiyar gamba da aka bari a tsaye makamashi ce. Ostareliya ta ɗanɗana. An kai gamba can a 1931 don kiwo, ta tsere daga makiyayu ta mamaye dajin arewacin ƙasar, wajajen Darwin. Ciyayin can gajeru ne, ita kuwa ga tsawo ga yawa, ba mai yankan zana, sai gobararta ta riƙa kai ninki takwas na wadda aka saba a zafi, tana cin itatuwa har ƙoli. A 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya.

A wurinmu lauje da bakin dabba ne suka hana haka, don haka bayan shekarar farko kada ka bar layinka da busasshen kara har tsakiyar rani, balle in yana kusa da rumbu ko tarin kara ko 'yan itatuwan da kake reno. In ka yanke ka kwashe, babu abin da wuta za ta ci. Idan gindi ya cushe da tsohon bunu har toho na wahalar fita, ka share kewayensa, ka ƙona shi shi kaɗai da sanyin safiya ranar da ba iska, gab da faɗuwar ruwa, ba kowace shekara ba.

Bayan shekara huɗu ko biyar za ka ga tsakiyar wasu gindin ta bushe, sai zobe na kore a gefe. Yuli na zuwa ka ɓanɓari gefen, ka cike guraben da suka buɗe a layin, ka kankare mataccen tsakiyar da fartanya ka zuba taki a wurin.