Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen ƙirga amino asid ɗin da ke taɓa juna a cikin furotin

Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta ta kowa ya samu. Ƙannenmu masu karatun kimiyyar halittu a nan Saudiyya, a Jidda da Makka da Thuwal, da waɗanda yaƙin Sudan na 2023 ya taso daga Khartum da Wad Madani suka zo ƙarasa digiri, kusan duk wanda ya kawo mini aikinsa kan siffar furotin sai na tarar da jadawalin amino asid ɗin da ke taɓa juna, ɗauke da irin kurakuran da na gyara wa na gabansa. Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, tana nannaɗewa har amino asid na 10 ya zo ya jingina da na 90, kuma wannan jinginar ce ke riƙe siffarsa. Manhaja kuwa ba ta san jinginar gaske ba. Abin da ka ce ta auna, shi take aunawa.

Tambayar da nake fara yi ita ce, da wane ma'auni ka ƙirga? Da yawa sai su yi shiru. A gasar CASP, wadda aka fara a 1994 don gwada masu hasashen siffar furotin, ana cewa biyu sun taɓa juna idan tazarar atom ɗinsu na Cβ, wato kabon na farko a reshen amino asid, ba ta kai 8 Å ba (Å shi ne angstrom, ma'aunin tazara tsakanin atom), amino asid gilaisin kuma da ba shi da Cβ sai a ɗauki Cα, kabon da reshe ke fitowa daga gare shi a jikin sarƙar. Wasu kuma kowane atom suke dubawa in ban da haidurojin, su tsayar da iyaka a 4.5 ko 5 Å. Jerin da za su ba ka ba zai zo ɗaya ba. Amino asid irin su arjinin da gulutamet suna da dogayen rassa, bakinsu na iya haɗuwa alhali Cβ ɗinsu sun wuce 8 Å. Ni dai idan sinadarin haɗin nake nema 4.5 nake sawa, idan kuma zan gwada da hasashe sai in koma 8. Ka zaɓi wanda ka ga dama, amma ka rubuta shi a ƙarƙashin jadawalin.

Sai masu cika jadawali da maƙwabta. Tsakanin Cα ɗin amino asid da na mai bi masa 3.8 Å ne kusan kullum, a murɗaɗɗen sashe na alfa kuma kowane zagaye amino asid 3.6 ne, na farko na riƙe da na biyar. Wannan ba labari ba ne. Ka zubar da duk waɗanda ratarsu a sarƙa ba ta kai 6 ba, ka ware masu ratar 24 zuwa sama, don su ke gaya maka yadda furotin ya naɗe.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaukar abin da ke cikin fayil a matsayin furotin yadda yake a jiki. Yawancin siffofin da ke rumbun PDB, ma'ajiyar siffofin furotin da aka buɗe a 1971, daga kiristal aka samo su. A cikin kiristal an matse furotin ne jere-jere, kowane na gugar na kusa da shi. Wanda ya taɓa yin ɗawafi a goman ƙarshe na azumi ya san kafaɗarka na iya manne da ta mutum tsawon zagaye guda ba tare da kun haɗa komai ba. Haka sarƙar A da sarƙar B suke a fayiloli da yawa.

Wannan kuskuren ya ci mini kuɗi da lokaci. Wani abokin aiki a wata jami'a ya turo mana jerin amino asid da ya ce su ke haɗa sarƙoƙi biyu na furotin ɗin da muke bincike a kai. Muka yi odar firaima, guntayen DNA da ake sauya amino asid da su, daga waje, muka jira kaya suka iso, muka sauya amino asid ɗin ɗaya bayan ɗaya, muka noma furotin a cikin bakteriyar E. coli. Duk sauyin da muka yi, shiru. Da muka zuba furotin na asali a kolom mai tace girma, sai ga shi ya fito a matsayin sarƙa ɗaya tilo. A ruwa ba ya haɗuwa da kowa. Yarinyar da ke riƙe da aikin, wadda tallafin karatunta ke gab da ƙarewa, ta zauna a kan kujerar gaban injin tana kallon layin da ya fito, ta ce, "Malam, to duk abin da na yi fa?" Zango guda ta rasa. Abin da zai hana wannan bai wuce minti goma a shafin intanet na PDBePISA ba, a ga faɗin fuskar da sarƙoƙin suka haɗu, a karanta takardar masu kiristal ɗin a ga ko sun auna girman furotin a ruwa. Yau duk wanda ya kawo mini haɗin sarƙa biyu bai yi waɗannan ba, ko farfesa ne ya sa hannu, ba na karɓa.

Kuskuren na da ɗaya fuskar. Himogulobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jini, sarƙa huɗu ne, alfa biyu masu amino asid 141, beta biyu masu 146. Amma ka buɗe fayil ɗinsa mai lamba 1HHO a PDB, sarƙa biyu kawai za ka gani, sauran biyun sai ka sa manhaja ta gina su daga tsarin kiristal ɗin. Wanda bai gina ba ya rasa fuskar alfa1 da beta2, wadda ita ce ke zamewa idan iskar oksijin ta kama.

Kada kuma ka ce daga yau duk taɓawar kiristal shara ce. Cutar sikila, wadda mu Hausawa muka sani a gidajenmu, wadda Saudiyya ta wajabta gwajinta kafin aure tun 2004, tushenta sauyin amino asid ɗaya ne: gulutamet na 6 a sarƙar beta ya koma balin. Idan oksijin ya sauka, wannan balin na 6, wato Val6, sai ya shige wani ɗan rami tsakanin amino asid Phe85 da Leu88 na wani himogulobin daban, a yi ta ɗinkewa har a zama zare, ƙwayar jini ta lanƙwashe. A fayil ɗin 2HBS ana ganin wannan haɗin, kuma tsakanin himogulobin biyu yake. Wanda ya ƙirga taɓawar cikin guda ɗaya kawai zai ce Val6 ba ya yin komai, alhali shi ne ciwon.

Na biyu a ɓata rai shi ne lamba. Haba ƙannena, wannan ai ganganci ne. Littattafan likitanci na kiran wannan gulutamet ɗin Glu6, UniProt kuma, rumbun jerin amino asid na furotin, na ƙirga metiyonin, amino asid na farko, don haka a can Glu7 ne. Ka ɗauki jeri daga nan ka liƙa a can, komai ya goce da ɗaya, kuma ba abin da zai yi maka ƙara. A furotin mai guntun da ake yankewa a farkonsa, ko wanda aka liƙa wa wutsiyar histidin, gocewar na iya haura ashirin. Mafi muni su ne masu rubuta ɗan shirin Python da ke ƙirga amino asid bisa layin da suka zo a fayil. Sassan da ke lilo ba sa fitowa a kiristal, an jera su a sashen fayil mai suna REMARK 465, don haka daga 57 fayil na iya tsallakawa zuwa 66. Shirinka ya ɗauke su maƙwabta ya zubar. A fayil mai tsarin mmCIF ma lamba biyu ce, ta marubuta da ta rumbu. Al'adata ita ce ban taɓa rubuta lamba tsirara ba, sai da sunan amino asid da sarƙarsa, Phe85 na sarƙar kaza. In na koma jerin na tarar wani abu ne a wurin, na san an goce.

Kusanci kuma ba haɗi ba ne. Layin ɗigo-ɗigo mai ruwan ɗorawa da manhajar PyMOL ke zanawa yana ruɗin mutane. Haɗin haidurojin na son mai bayarwa da mai karɓa, tazarar kusan 2.7 zuwa 3.3 Å, da kusurwa mai kyau. Gadar gishiri na son caji biyu masu saɓani cikin 4 Å. Sistin biyu ba su ƙulla ba sai sulfa da sulfa sun kai wajen 2.05 Å. Ka duba kaifin siffar, wato iyakar ƙanƙantar abin da ake iya rarrabewa a cikinta, kafin ka rubuta lamba biyu bayan ɗigo: a 3 Å ba a ganin haidurojin ko kaɗan, reshen laisin na waje ma sau da yawa ƙiyasi ne. Asparajin da gulutamin da histidin kuwa ana yawan sa su a juye, don naitirojin da oksijin da kabon kusan kama ɗaya suke yi a taswirar. Ka bi da fayil ta MolProbity, manhajar duba ingancin siffa, tukuna.

Ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka goge ruwa gaba ɗaya kafin ka ga ko wani ɗigo ne ke haɗa rassa biyu. Reshe mai matsayi biyu, A da B, ka zaɓi ɗaya. Fayil ɗin NMR, hanyar gano siffa ba tare da kiristal ba, siffofi da yawa ne a ciki, sau da yawa 20, kada ka tara su wuri ɗaya. 12 da 80 shi ne 80 da 12, kada ka ƙirga sau biyu. GROMACS, shirin kwaikwayon motsin furotin, da nanomita yake aiki, 0.45 za ka sa, ba 4.5 ba.

Tun da AlphaFold2, shirin hasashen siffar furotin, ya yi fice a gasar CASP ta 14 a 2020, har Hassabis da Jumper, jagororin ƙirƙirarsa, suka raba kyautar Nobel ta 2024 da David Baker, sabuwar fitina ta shigo. Ni ma ina amfani da shi kullum, kayan aiki ne na gaske. Amma ɗalibi zai sauke siffa ya ƙirga taɓawa har a cikin zare mai ruwan lemo da ke yawo a gefe, inda pLDDT, makin tabbacin manhajar, bai kai 50 ba. Wannan wurin manhajar da kanta ta ce ba ta da tabbas. Kuma shuɗin sashe biyu, launin babban maki, ba ya nufin zamansu kusa da juna daidai ne, sai ka buɗe taswirar PAE, mai nuna kuskuren da ake tsammani a zaman sashe kusa da sashe, ka ga murabba'in da ya haɗa su. Sannan AlphaFold2 ba ya sa ƙarfe ko magani ko him, sinadarin mai ƙarfe da ke kama oksijin, a cikin siffa. Ka sauke sarƙar beta ta himogulobin daga rumbunsa, za ka ga His92, wanda a can ake kira 93, yana fuskantar fili, jadawalinka ya nuna kusan ba ya taɓa kowa ta wannan gefen. Ka buɗe fayil ɗin himogulobin 4HHB a manhajar ChimeraX ka ɗora su a kan juna, za ka ga ƙarfen him zaune a bakin wannan histidin ɗin.