Yadda ake tantance korona a jikin mai ciwon daji idan an kawo shi imajensi

Tun 2020 kuskure guda nake gani a wurin sababbin ma'aikata. Su saita wa mara lafiya na'urar auna zafi a goshi, ta nuna 36.8, su ce wuce. Wannan bai isa ba ko a kan mai mura, balle wanda ciwon daji, wato kansa, ya ci ƙarfinsa har aka koma rage masa raɗaɗi kawai.

Bayan kun sa takunkumi kai da shi, karɓi ledar magungunansa ka zazzage a kan tebur. In ka ga deksametazon ko farasitamol, kada ka yarda da ma'aunin zafi, suna danne zazzaɓi. In akwai mofin ko kodin, tari ma yakan kwanta. Haki kuwa, mai kansar huhu ko wanda ruwa ya taru masa a ƙirji ya yi watanni yana yi. Takardar tambayoyin bakin ƙofa ba za ta fisshe ka a nan ba.

Abin da ke aiki shi ne ka nemi wadda ke kwana da shi, ba ɗan da ya zo daga Abuja jiya ba. Ka ce, "Mama, me ya canza a kwana ukun nan?" Sai ka yi shiru ka saurara. Na taɓa karɓar wani dattijo mai kansar hanta, ba zazzaɓi, ba tari. Na kusa tura shi babban ɗaki, sai matarsa ta ce tun shekaranjiya yake kiranta da sunan yayarsa da ta rasu, kuma ya ture shayi wai kamar ruwan famfo. Ruɗewa da gushewar ɗanɗano ke nan, gwaji kuma ya nuna korona. Tambayi 'yan dubiya na makonni biyun baya, don ɗakin mai jinya a wurinmu ba ya rabo da mutane, kuma ba wanda zai ce maka wani ya yi tari a ciki sai ka tambaya.

Na'urar auna iska ta yatsa tana ruɗi. Yatsa mai sanyi ko mai baƙin lalle na ɓata lissafi, kuma a baƙar fata takan nuna sama da gaskiya. Ni sai na ƙirga numfashi minti guda cur, na kwatanta da abin da ke katinsa na baya.

Idan an yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, a makonni shidan nan kuma zafi ya kai 38, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda. Garkuwarsa ta faɗi, kada a zauna jiran sakamakon korona.

Gwajin gaggawa ya fi araha, amma in ya ce babu alhali zuciyarka ba ta kwanta ba, tura PCR, wato gwajin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje. Kafin sakamakon ya fito a ba mara lafiyar ɗaki shi kaɗai, kada a jera shi da masu tari. Kada a tsayar masa da mofin, a bar mutum ɗaya nasa da takunkumi, kuma likita ya ji ta bakinsa kan injin numfashi tun yana iya magana.