Kurakuran da ke kai 'yan gida ɗaya gaban alƙali a kan gado

Lissafin gado ba ya wahalar da alƙali. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, ta fayyace kason kowa. Abin da ke sa shari'a ta yi shekaru shi ne tantance abin da mamaci ya bari, da wanda ke riƙe da shi, da dalilin riƙon.

Babban kuskure shi ne jinkiri. An yi sadakar arba'in, kowa na jin nauyin ya ta da maganar, kada a ce dama jira yake. Sai a bar gida da gona a hannun babban wa, wai kafin hankali ya kwanta. Shekara goma ta wuce, ya yi gini a kangon, ya ba da hayar shaguna, magada biyu sun rasu sun bar nasu 'ya'yan da matan. Yanzu rabo ɗaya ya zama uku, abin da malamai ke kira munasaha, kuma waɗanda za a zauna da su ba su ma san juna sosai ba. Gyaran shi ne a ƙididdige dukiyar tun makonnin farko, a rubuta, kowane magaji ya sa hannu a gaban mai unguwa ko liman. Uzurin jinkiri da Malikiyya ta sani shi ne idan matar mamaci na da ciki: a jira ta haihu. Ko magada sun zaɓi su ci gaba da noma gandun tare, a fara fitar da kason kowa a takarda, sannan a haɗa.

Wasu kuma garaje suke yi, su raba kafin su biya bashi. Tsarin a bayyane yake: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Sadakin da miji bai cika ba bashi ne. Kayan ɗakin mace nata ne, ba sa shiga rabo. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku, kuma ba a yi wa magaji ita sai sauran sun yarda.

Sai maganar da alƙalai suka gaji da ji: "Ai Baba ya ba ni tun yana da rai." Wataƙila ya bayar ɗin. Amma a Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Idan uba ya ce ya ba ka gona, amma shi ya ci gaba da nomanta har ya koma ga Allah, gonar ta koma cikin gado. Uban da ke son yin kyauta ya kira shaidu, ya nuna iyaka, ya rubuta, ya kuma janye hannunsa. Nan ne ma kaka zai tuna da jikokin da ubansu ya riga shi rasuwa, domin baffanninsu na kange su daga gado. Kyauta ko wasiyya ce kaɗai hanyarsu.

Daɗewa a kan fili ma na ruɗin mutane. Sun ji cewa wanda ya riƙe wuri shekara 10 mai shi na kallo bai yi magana ba, hauzi, wato haƙƙin daɗewar riƙo, ya ba shi. Wannan tsakanin bare ne. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka nesa, ana kai shi shekara 40, saboda an san ɗan'uwa kan yi shiru don kara. Wanda aka ba aron gona ko riƙon amana kuwa, daɗewa ba ta mayar da ita tasa.

Akwai kuma ɗabi'ar cewa mata su karɓi kuɗi, maza su riƙe ƙasa. Ba ta da tushe. 'Ya mace na da rabin kason ɗan'uwanta a cikin komai, har gona da gida. Matar mamaci na da tumuni, wato kashi ɗaya bisa takwas, idan akwai 'ya'ya, rubu'i, wato kashi ɗaya bisa huɗu, idan babu, kuma kishiyoyi raba wannan kason suke yi. Idan za a fanshi kason mace, a yi ƙiyasi da farashin yau, da yardarta, ba da tsoron a ce ta raba zumunci ba.

Wanda ya sayar da filin gado kafin rabo ya sayar da abin da ba nasa kaɗai ba. Ko kasonsa ya sayar wa bare, sauran magada na da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin su karɓe. Mai saye ya nemi takardar rabon gado ta kotu kafin ya ƙirga ko sisi.

Sunan da mamaci ya cike a fom ɗin banki ko na fansho ba ya mayar da mutum mai dukiyar. Banki kan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun jiha, kuma wanda ya karɓo ta wakili ne kawai, dole ya kawo kuɗin a raba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne shiga kotun da ba ta da hurumi. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi. Amma idan rigimar ta zama ta mallakar fili zalla, misali tsakanin magada da wani bare da ke cewa ya saya, ta fita daga nan. Filin da ke da takardar mallaka ta gwamna kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta miƙa rigimar mallakarsa ga Babbar Kotu. Ana iya cin nasara a mataki biyu, a je sama a rushe komai a ce a koma farko. Kafin ka shigar da ƙara, ka sa lauya ya duba yadda aka rubuta da'awar: rabon gado kake nema, ko tabbatar da mallaka?