Yadda Ake Kiyaye Shaida a Wurin da Aka Aikata Laifi

Jami'in da ya fara isa, bayan ya ceto mai sauran numfashi, sai ya killace wurin, ya hana kowa shiga, ko da na gaba da shi ne. Tushen wannan tsanani shi ne ƙa'idar Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin binciken 'yan sanda a Lyon ta Faransa a 1910: duk wanda ya taɓa wuri yakan bar wani abu, ya kuma tafi da wani.

Kafin a ɗaga komai, a ɗauki hoto daga nesa, sannan daga kusa da ma'aunin tsawo a gefe don a gane girman abin.

Inda ya kamata masu horarwa su fi dagewa, a ganina, shi ne tufafi masu jini. Kada a ƙulle su cikin leda da danshinsu, domin za su yi fumfuna, ƙwayoyin halittar da ake nema su lalace. A bar su su bushe a tsabtataccen ɗaki, a sa kowanne cikin jakar takarda dabam, a liƙe. Duk wanda shaidar ta bi ta hannunsa ya rubuta sunansa da lokaci a rajista, domin giɓi guda a rajistar ya isa lauya ya nemi kotu ta yi watsi da ita.